Babi na Bakwai: Wa Ke Riƙe da Littafin Ma'aji?

Ruwan sama ne ya taɓa tsare ni kusan awa biyu a wani shagon atamfa da ke Kantin Kwari. Mai shagon dattijo ne da ya haura sittin, irin mutanen nan da ke lissafi da ka suna jan carbi a lokaci guda. A gefensa akwai ɗan ƙanwarsa, saurayi da ya gama digiri a fannin kasuwanci, ya yi bautar ƙasa, aiki bai samu ba, uwarsa ta ce gara ya riƙa bin kawunsa kasuwa da zaman majalisa. Ana nan sai ga wata 'yar sari ta shigo tana kakkaɓe mayafi, daga jin Hausarta ka san daga wajen Maraɗi ta fito. Ta ɗaga turmi ta tambayi kuɗi. Saurayin ya faɗa. Ta taya ƙasa ƙwarai. Ya ce ba zai yiwu ba, ya shiga yi mata bayanin tashin dala da tsadar dakon kaya daga Legas. Ta ajiye turmin ta juya.

Dattijon ko ɗagowa bai yi ba. "Hajiya, ina mutanen gida? Wancan zuwan ai dila biyu kika ɗauka, sun shige kuwa?" Ta tsaya. Aka ja mata kujera, aka kawo ruwa. Kafin ruwan sama ya tsagaita ta ɗaure kaya, ta biya rabi, saura sai ta dawo. Babu takarda, babu sa hannu. Da ta fita ya dubi yaron ya ce, "Ɗana, in mutum ya taya maka kaya, albarka ake ce masa. Ba a yi masa lakca."

Da a nan labarin ya tsaya, da ya zama ɗaya daga cikin labaran da ake yi wa 'yan boko dariya da su a kasuwa, kuma suna da yawa. Amma yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "To Kawu, ragowar kuɗin nata a ina za a rubuta?" Dattijon ya nuna kansa da yatsa. Da hira ta yi nisa na tambaye shi ribar bara nawa ce. Ya yi murmushi ya ce, "Alhamdu lillahi, mun ci mun sha, mun fitar da zakka, mun aurar da yara biyu." Lissafin shekara ɗaya tilo da yake yi shi ne na zakka: a ƙirga haja, a yi mata kuɗi, a fitar da ɗaya cikin arba'in. Wannan yana gaya wa mutum abin da ya mallaka ranar ƙirga, ba ya gaya masa ko atamfa ce ke ɗauke da shadda ko shadda ce ke ɗauke da atamfa. Kuɗin cefane, da kuɗin makarantar yara, da gudummawar biki, duk daga aljihun tebur ɗaya suke fita da kuɗin sari.

Mutum biyu ke nan a shago ɗaya, kowa riƙe da rabin sana'a.

Kasuwar Hausa ta daɗe da makarantarta, ko da yake ba ta da allo ba ta da ƙararrawa. Yaron shago da tsintsiya yake farawa. Daga shara sai ɗauko kaya daga sito, sai ninke yadi, sai sayo wa maigida abinci ya kawo canji daidai. In an ga hankalinsa, a fara aikensa da kuɗi kaɗan. Wani ubangidan da gangan zai bar kuɗi a kan tebur ya tafi masallaci. Sannu a hankali a tura shi karɓo bashi, aikin da ya fi kowane wuya, don sai ya iya matsa wa mutum ba tare da ya kore shi daga shagon ba. Ranar da maigida ya tafi aikin Hajji ya bar masa makulli, ranar ce babbar jarrabawarsa. Bayan shekaru sai sallama: a ba shi jari, ko rumfa, ko a tsaya masa wajen masu ba da kaya, wani ma har a yi masa aure.

Haka aka yi ta yi tun zamanin fatauci, lokacin da Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ke kora jakuna zuwa Gwanja da kanwa da tufafi su dawo da goro, tafiyar watanni a bayan madugu. Daga wannan makaranta Alhassan Dantata ya fito. An haife shi a Bebeji a 1877, ya yi fataucin goro tsakanin ƙasar Gana ta yau da Najeriya, da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe ya shiga da ƙarfinsa. Har yau ana ba da labarin raƙuma ashirin na kuɗin azurfa da ya kai ajiya lokacin da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Wani mai bincike, Abner Cohen, da ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne yadda ake sayar da garken shanu bashi ga mahauta, babu banki babu kotu, sai maganar maigidan da ya saukar da baƙon falke. In mahauci ya cinye, maigida ne zai biya, domin in bai biya ba fatake sun daina sauka gidansa ke nan.

Kada kuma a ce makarantar ba ta da karatun littafi. Ɗan kasuwar da ke zuwa zaure bayan Asuba ko bayan Magariba yana bi ta babin ciniki a Risala: abin da ke ɓata ciniki, da riba, da ƙiradi, da jingina. Yana kuma sane da cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, can ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. Abin mamaki, wannan darasin ne muka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

A nan ne makarantar kasuwa ke da rauni, kuma raunin babba ne. Ilimin yana cikin kan mutum ɗaya, ranar da aka kai shi makwanci an tafi da shi. Kowa a Kano ko Katsina ko Gusau zai iya lissafa maka gidajen da aka yi arziki na faɗa a ji, yau ko allon shagon babu. Maigida ya rasu, masu bin sa bashi suka zo da shaidu, waɗanda yake bi suka yi shiru. Aka zo rabon gado, aka sayar da sito aka raba, 'ya'ya goma sha biyar kowa ya kama gabansa da abin da bai isa jari ba. Gidan Dantata ya zama abin misali ne don ya ɗore har tattaɓa-kunne. Da ɗorewar ruwan dare ce, da ba a yi ta ambatonsa ba. Zamaninsa akwai manyan masu sayen gyaɗa irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, amma tambayi saurayin yau ka ji ko ya san su.

Wannan giɓin ne karatun kasuwanci na jami'a ya kamata ya cike, kuma don irinsa aka ƙirƙire shi tun farko. A 1881 wani mai masana'antar ƙarfe a Amurka, Joseph Wharton, ya ba Jami'ar Fensilbeniya dala 100,000 a buɗe makarantar koyar da harkar kuɗi da ciniki, saboda kamfanoni sun yi girman da koyo a gindin ubangida ya kasa wadatar da su. Harvard ta buɗe tata a 1908, daga baya ta yi suna da wata hanyar koyarwa: a rubuto labarin wani kamfani na gaske da ya shiga tsaka mai wuya, a miƙa wa ɗalibai, a ce kai ne manaja, me za ka yi? A Arewa, Kongo da ke Zariya ta daɗe tana yaye akantoci da ma'aikatan mulki da na kamfanoni, tun kafin ta zama ɓangaren Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 2018 aka buɗe ginin makarantar kasuwanci da Gidauniyar Dangote ta gina wa Jami'ar Bayero kan naira biliyan 1.2. Shi kansa Aliko Dangote makarantun biyu ya shiga: ya tashi a gidan kakansa Sanusi Dantata yana ganin yadda ake yi, ya je Azhar a Alƙahira ya yi karatu, ya dawo ya fara da rance daga cikin dangi. Masu kafa hujja da shi cewa boko ba ya kawo arziki, da masu cewa boko ne ya yi shi, duk rabin labarin suke faɗa.

Daga zangon karatu na 2007 zuwa 2008 Hukumar Kula da Jami'o'i ta wajabta wa kowane ɗalibi, ko likitanci yake karantawa, ya yi kwas ɗin koyon dogaro da kai. Niyya ce mai kyau. Amma wanda ya shiga irin wannan aji ya san yadda abin yake a wurare da dama: ɗalibai fiye da ɗari biyar a ɗaki ɗaya, lasifika na ƙara, a haddace halayen ɗan kasuwa nagari guda goma a zuba a takardar jarrabawa, a haɗa sabulun ruwa rana ɗaya a ɗauki hoto. A sashen kasuwanci kansa, misalan littattafan na Coca-Cola ne da Toyota, alhali Dawanau, kasuwar da ke ciyar da ƙasashe da hatsi, tana nan bakin gari babu wanda ya rubuto labarin wani dillalinta ya kawo aji. Ɗalibi zai yi shekara huɗu yana warware lissafin miliyoyi a takarda, bai taɓa yin asarar sisin wani ba. Jarrabawar da ya faɗi ma, shi kaɗai ta shafa.

Wuri ɗaya na sani a jami'a inda ɗalibi ke iya riƙe kuɗin mutane, ya yi kuskure, ya tsaya a gabansu ya yi bayani. Wurin shi ne ƙungiyar ɗalibai.

Ba sabon tunani ba ne. Junior Achievement, wadda aka kafa a Amurka a 1919 kuma ta shigo Najeriya a 1999, tana sa yara 'yan makaranta su kafa ɗan kamfani, su sayar da hannun jari, su yi ciniki, ƙarshen shekara su rushe shi su raba abin da ya rage, riba ko faɗuwa. AIESEC ta taso a 1948 daga ɗaliban tattalin arziki da ciniki na ƙasashen Turai bakwai, suna nema wa junansu gurbin koyon aiki a kamfanonin ƙetare. Enactus, wadda aka kafa a 1975 da sunan SIFE kafin a sauya mata suna a 2012, tana da rassa a jami'o'i da kwalejojin kimiyya na Najeriya, ɗalibai su yi aikin da zai kawo kuɗi ya kuma amfani jama'a, su je gasa gaban shugabannin kamfanoni. Ban da waɗannan akwai na gida, waɗanda kowane sashe ke da su: ƙungiyar ɗaliban akanta, ta ɗaliban tattalin arziki, ta ɗaliban kasuwanci. A irin ta ƙarshen nan na yi tawa makarantar, kuma zan ba da labarinta da ɗan tsawo domin duk abin da nake son faɗa yana ciki.

Muna aji uku, mu goma sha huɗu muka ware daga cikin ƙungiya muka ce za mu gwada abin da ake koya mana. Kowa ya kawo naira 5,000, jari ya tashi 70,000. Shawara ta tsaya a kan kunun aya da zoɓo, tunda lokacin zafi ne kuma jarrabawa ta matso. Muka yi hayar firji a wani shago bakin ƙofar makaranta. Muka naɗa shugaba, wani mai baki da iya sa kaya, muka naɗa mataimaki, da sakatare, da kakaki, har da daraktan walwala, a sana'ar da ko bokiti ba ta saya ba tukuna. Ma'aji aka rasa mai so, sai aka liƙa wa wata yarinya mai shiru-shiru da ke zama a layin gaba. Washegari ta zo da littafin rubutu mai shafi sittin, ta ja layi da rula.

Makon farko kasuwa ta yi kyau har muka fara maganar buɗe reshe a ɗakunan kwanan mata. Mako na uku aka ɗauke wuta kwana biyu. Wanda ya san kunun aya ya san ba ya haƙuri: ranar farko ya fara tsami, rana ta biyu robobin suka kumbura, wasu suka yi bindiga a cikin firjin. Mai shago ya ce sai mun wanke masa. Muka zubar da gora kusan ɗari biyu a kwata, muka kira taron gaggawa a gindin darbejiya bayan sallar La'asar, kowa ya zo da shirin tsine wa masu wuta.

Shugaba ya yi jawabi mai kyau a kan ƙaddara. Da ya gama sai ma'aji ta ce, "Shugaba, a ba ni minti biyar." Ta buɗe littafin. Asarar kunun da ya lalace, in ji ta, 11,000 ce. Bashin da muke bin mutane 19,000 ne. Ta fara karanto sunaye. Abokanmu ne, da 'yan ɗakinmu, da 'yan matan da wasunmu ke nema, duk masu "rubuta min, gobe zan kawo". Suna na ƙarshe, wanda ya fi kowa nauyi, na shugaba ne. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan kurciya.

Ba ta tsaya nan ba. Mu a lissafinmu gora ɗaya tana cin naira 40, muna sayarwa 70, riba 30. Ita ta haɗa da kuɗin robobi, da niƙa, da ƙanƙara, da kuɗin adaidaita zuwa kasuwa sayen aya da dabino, da hayar firjin da ake biya ko an sayar ko ba a sayar ba, sai ga gora tana cin 58. Wato ko wuta ba ta ɗauke ba, 'yar ribar da ta rage bashi ke cinye ta, uwar kuɗi muke ci muna murna. Abin kunyar shi ne dukkanmu mun ci kwas ɗin lissafin tsadar kaya a zangon da ya wuce, wasunmu da maki mai kyau. Mun san sunan kowane irin kashe kuɗi da Turanci. Da muka gan shi a bokiti ba mu gane shi ba.

"Malama, ai da kin same ni a gefe," in ji shugaba. Ta ce, "Na same ka sau biyu, ka ce gobe."

An yi fushi, an yi gaba ta kwana uku, mutum biyu suka ce a ba su kuɗinsu, aka ce su jira ƙarshen zango kamar kowa. Daga nan doka ta fito: babu bashi sai da sa hannu, kuma ba ya wuce mako. Muka rage kunun aya muka ƙara zoɓo, don ya fi jure zafi. Muka koma sayarwa da dare a bakin ɗakin karatu, inda masu kwanan karatu ke fitowa da ƙishi da kuɗi a hannu. Aikin karɓo bashi aka raba, ni aka ba ni sunaye shida, kuma a nan na gane abin da yaron shago ke sha: ka tsaya a ƙofar ɗakin abokinka yana kallon ka kamar ka zo sata. Ƙarshen zango kowa ya karɓi 5,600. Ribar naira ɗari shida a wata uku. Shugabanmu kuwa daga baya siyasa ya shiga, Allah ya ba da sa'a.

Cikin duk kwasa-kwasan da na yi babu wanda ya zauna mini kamar wannan taron gindin bishiya, kuma dalilin a fili yake. Kuɗin na mutane ne, mutanen kuma gobe za ka haɗu da su a aji. Irin matsin da kasuwa ke yi wa yaron shago ke nan, sai dai a nan an haɗa shi da littafi da rula, abin da kawun nan na Kwari ya rasa. Faɗuwar kuma ba ta kisa ba ce. Asarar dubu goma sha ɗaya a shekara ashirin da ɗaya da haihuwa ta fi sauƙi a kan asarar jarin marayu a shekara arba'in.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, yawancin ƙungiyoyin ɗalibanmu ba wannan aikin suke yi ba. Shekara tana farawa da zaɓe, da fosta, da laƙabi, tana ƙarewa da liyafar dina da raba lambobin yabo, inda ake ba wani ɗan siyasa kambun gwarzon matasa don ya biya kuɗin ɗakin taro. A tsakani akwai riga mai tambari da taron ƙara wa juna sani guda ɗaya. Kuɗin rajistar da aka karɓa daga ɗaruruwan ɗalibai yana shiga asusun bankin wani mutum ɗaya, ba a kuma jin labarinsa. Sababbin shugabanni su hau su tarar da asusu wayam, su yi tsaki, su ma su yi yadda aka yi. To wannan ma horo ne. Yaron da ya koyi cewa muƙami shi ne riga da laƙabi da kuɗin da ba a tambaya, shi ne gobe za a ba shi kamfani ko ma'aikata, kuma ba zai manta karatunsa ba.

Gasa ma tana da nata ciwon. An taɓa gayyata ta alƙalanci a wata ƙaramar gasar ɗalibai. Wata tawaga ta hau da kwat iri ɗaya, Turanci kamar ruwa, majigi na nuna hotunan zawarawa da aka raba wa keken ɗinki. Na tambaya cikin matan nawa ne har yanzu ke ɗinki, kuma nawa suke samu a mako. Suka dubi juna. Tun ranar ɗaukar hoto ba su koma ƙauyen ba. Tawagar da ta biyo baya yara uku ne masu in'ina, suna tara robobin ruwa a makaranta suna sayar wa masu niƙa roba, ribarsu ba ta taka kara ta karya ba, amma sun zo da rasit na kowane kilo. Ni su na ba makina. Sauran alƙalai suka rinjaye ni.

Sannan ga yajin aikin malaman jami'a. Na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Duk wata sana'ar ɗalibai da ta dogara da harabar makaranta, irin wannan hutu kashe ta yake yi, kuma a kan dawo a tarar rabin masu ita sun kama wata hanyar.

Akwai waɗanda ƙungiya ta fi yi wa rana fiye da kowa, su ne mata. Hanyar yaron shago ta maza ce. Ba a kai yarinya Kwari ko Singa ta yi shekara bakwai tana shara har a sallame ta. Alhali mace Bahaushiya ba baƙuwar ciniki ba ce: daga cikin ɗaki take sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da kayan koli, tana riƙe da adashin mutum ashirin ba ta rikice ba. Shiga ɗakin kwanan ɗalibai mata yau ka ga mai mayafai, mai turaren wuta da humra, mai cincin, kowa na tallata hajarta a WhatsApp da Instagram ana turo kuɗi ta waya. Abin da ba su samu ba shi ne wurin da za su riƙe dukiyar da ta fi tasu, su shugabanci maza, su zauna da babban dila a yi ciniki ido da ido. Ƙungiya tana iya buɗe wannan ƙofar, in har ba a tsayar da su a kujerar mataimakiya da dafa abincin taro ba. Ma'ajin nan tamu ba don cancanta muka ba ta ba, don babu mai so ne, kuma ita ce ta ceci jarin.

Gyaran ba ya buƙatar ginin biliyan. Tun 1973 ake da tsarin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu da ofisoshi, kuma kowa ya san da yawansu zaman benci suke yi da sayo wa ma'aikata abinci. Me zai hana ƙungiyar ɗaliban kasuwanci ta shirya da shugabannin kasuwa, a tura yara bibbiyu shaguna su yi zango guda suna rubuta shige da fice? Maigida ya samu littafin da magadansa za su dogara da shi, yara su koyi cewa albarka. Daga waɗannan littattafan ne malamai za su samu labaran da za su koyar da su, na shinkafa da fata da atamfa, a maimakon aro daga Amurka. A kuma gayyato 'yan kasuwar aji su yi magana da Hausa, a tambaye su karon da jarinsu ya karye, domin labarin nasara kowa ya iya shi.

Maganar jari kuwa, fiƙihunmu ya riga ya tanadi hanya. Ƙiradi shi ne mai dukiya ya ba da jari, mai aiki ya juya, a raba riba yadda aka yi sharaɗi, in an faɗi ba da sakaci ba asarar kuɗi ta mai kuɗi ce, mai aiki ya yi asarar wahalarsa. Yana cikin ginshiƙan da bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa ke tafiya a kansu, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, kuma Jami'ar Bayero na da cibiya sukutum ta nazarin wannan fanni. Alhazan da ke ba da rabin miliyan a liyafar dina don a kira sunansu a lasifika, ina roƙonsu su ba da rabin wannan a matsayin ƙiradi, su ce bayan wata huɗu a zo musu da lissafi. Su kuma zauna su duba lissafin da kansu, su yi faɗa in ya kama.

Kai kuma ɗalibi da ke karanta wannan, in ka je taron ƙungiyarku na gaba, bari a gama jawabai, sannan ka ɗaga hannu ka nemi ganin littafin ma'aji na bara. Za a harare ka, wani ma zai ce an turo ka ne. In aka kawo, ka zauna ka bi shi layi-layi. In aka ce babu, ka sayi littafi mai shafi sittin da rula, kuɗinsu bai kai na farantin shinkafa ba, ka nemi kujerar da kowa ke gudu. Ranar miƙa mulki ka kawo littafin da kuɗin da ke cikinsa, a ƙirga a gaban jama'a kafin ka sa hannu.